"Bincike Ya Nuna": Wa Ke Tsaron Ƙofar Mujallun Ilimi, Kuma Me Ya Sa Ake Janye Maƙala Bayan An Buga?

A shekarar 2023 kaɗai, mujallun bincike na duniya sun janye maƙaloli fiye da 10,000 waɗanda su da kansu suka tantance suka buga. Mujallar Nature ce ta yi wannan ƙidaya a ƙarshen shekarar, ta ce ba a taɓa kai wa wannan adadi ba. Fiye da 8,000 daga ciki gida ɗaya suka fito, wato kamfanin Hindawi, wanda aka kafa a Alƙahira, daga baya kamfanin Wiley na Amurka ya saye shi a 2021.

Duk lokacin da irin wannan labari ya zagayo, mutane kan rabu biyu. Wani ya ce ai dama mun faɗa, ilimin nasu duk shaci-faɗi ne. Wani kuma ko a jikinsa, gobe da safe zai turo maka saƙo a WhatsApp mai farawa da "bincike ya nuna", kamar wanda ya kawo aya. To idan har ana tace maƙala kafin a buga ta, ta ina ƙarya ke bi ta shige? Kuma idan mujalla ta janye abin da ta buga, alamar ta lalace ke nan ko alamar tana da rai? Amsar tana cikin wani shafi da kusan kowace mujalla ke da shi, amma ko marubutan da ke aika mata aiki ba kasafai suke karanta shi ba: shafin ƙa'idojin edita da ɗa'ar wallafa.

## Me ke faruwa da maƙala kafin ta fito?

Mujallar bincike daban take da mujallar labarai da ake sayarwa a bakin titi. Wuri ne da masana fanni ɗaya ke ajiye sakamakon aikinsu domin 'yan uwansu su duba, su soka, su ɗora a kai. Tun 1665 aka fara irinta a Faris da Landan, kuma wadda ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta fara a waccan shekara har yau tana fitowa.

Marubuci ya aika maƙalarsa. Edita ya duba ko ta dace da fannin mujallar, idan ba ta dace ba ya mayar da ita nan take. Idan ta dace, sai ya aika wa masana biyu ko uku su karanta, su ce a buga, a gyara, ko a yi watsi da ita. A wasu mujallu marubuci bai san masu tantancewa ba amma su sun san shi. A wasu kuma an rufe sunayen duka ɓangarorin biyu. Akwai waɗanda suka zaɓi a buɗe komai, har rahoton mai tantancewa a buga shi da sunansa. Galibi kyauta ake wannan aiki, mutum ya matse shi tsakanin shiga aji da duba takardun jarrabawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne iyakar aikin mai tantancewa. Ba ya sake yin gwajin. Ba ya zuwa ƙauyen da aka ce an yi hira da manoma 300 ya ga ko ƙauyen ma akwai shi. Sau da yawa ko ɗanyen bayanan ba ya gani, teburin alƙaluman da marubuci ya tsara kawai yake kallo. Zai iya gano rauni a hanyar bincike, ko lissafin da bai hau ba, ko da'awar da ta fi ƙarfin hujjarta. Amma wanda ya zauna a ɗakinsa ya ƙirƙiro alƙaluma masu kyan gani, yana iya wuce shi salin-alin. Gaba ɗaya ginin a kan amana yake zaune.

Wanda ya yi karatun zaure ba baƙo ba ne a nan. Malaman hadisi sun daɗe da gane cewa kyan magana ba ya isa, sai an san wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma an taɓa kama shi da ƙarya ko a'a. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ƙa'idojin mujalla ma ƙoƙari ne na tabbatar da cewa kowace magana tana da mai ita, wanda za a iya kamawa idan ta tashi.

## Daga ina ƙa'idojin suka fito?

Kusan kowace ƙa'ida a shafin nan, wata ɓarna ce ta haife ta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shari'ar likitocin Nazi da suka yi gwaje-gwaje a kan fursunoni ta fito da ƙa'idojin Nuremberg a 1947, wanda na farkonsu shi ne ba a gwaji a kan mutum sai da yardarsa. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, wadda ake ta sabuntawa, na baya-bayan nan a 2024. A 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a Vancouver ta Kanada, asali don su daidaita yadda ake tsara maƙala, amma taron nasu ya girma ya zama kwamitin ICMJE mai faɗa a ji kan wane ne marubuci. A 1997 wasu editoci a Birtaniya, waɗanda matsalolin maguɗi suka ishe su kuma ba su da wurin kai kuka, suka kafa COPE, kwamitin ɗa'ar wallafa da yanzu mujallu dubbai ke cikinsa.

COPE ba kotu ba ce. Ba ta kama kowa, ba ta korar malami daga aiki. Jagora take bai wa edita: idan an kawo maka ƙarar satar fasaha ga matakan da za ka bi, idan marubuta sun yi rigima kan suna ga wanda za ka tuntuɓa. Hukunta mai laifi aikin jami'arsa ne ko hukumar da ta ba shi lasisi. Abin da ke hannun mujalla shi ne gyara abin da ta buga.

## "Malam, a sa sunana"

A nan ne ƙa'ida ta fi cin karo da al'adarmu ta jami'a. A wurin ICMJE, kafin a kira mutum marubucin maƙala sai ya cika sharuɗɗa huɗu, kuma duka huɗun ake so. Ya zama yana da hannu na gaske wajen tsara binciken, ko tattara bayanai, ko fassara su. Ya rubuta, ko ya yi gyara mai zurfi a rubutun. Ya amince da sigar ƙarshe da za a buga. Sannan ya yarda zai amsa tambaya a kan aikin idan an samu matsala. Wanda ya samo kuɗi kawai, ko ya ba da aron ɗakin gwaji, ko shi ne shugaban sashe, wurinsa yana sashen godiya.

Yanzu a dubi yadda abin yake a zahiri. Ɗalibin digiri na biyu ya sha rana ya tattara bayanai, ya rubuta. Mai duba aikinsa ya shiga, wannan sau da yawa da haƙƙinsa. Sai shugaban sashe ya shiga. Sai wani abokin mai dubawa da ke neman ƙarin girma bana ya shiga, da alkawarin shi ma baɗi zai rama. Wani kuma ya shiga saboda shi zai biya kuɗin bugawa. Kafin ka ankara maƙala mai shafi takwas ta ɗauki sunaye bakwai, wani lokaci ma ɗalibin ne na ƙarshe. Malamai da kansu suna kiran abin adashe: ka sa ni, in sa ka.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujjarsu, kuma ba a banza take ba. Suna cewa albashi bai kai ya kawo ba, tallafin bincike sai wane da wane, kuɗin buga maƙala ɗaya ya fi ƙarfin mutum ɗaya, to mene ne laifin haɗa ƙarfi? Kuma a al'adar da ƙarami ba ya cewa babba a'a, wane ɗalibi ne zai kalli farfesan da zai sa hannu a kundinsa ya ce masa bai cika sharaɗi ba?

Sai dai sharaɗi na huɗun nan shi ne ƙashin bayan maganar. Suna a kan maƙala rantsuwa ce. A Yulin 2023 shugaban Jami'ar Stanford ta Amurka, Marc Tessier-Lavigne, ya sanar da ajiye muƙaminsa bayan jaridar ɗaliban jami'ar ta tono matsalar hotunan gwaji a wasu maƙalolin da ke ɗauke da sunansa. Kwamitin da ya bincika bai same shi da yin maguɗin da hannunsa ba, amma ya ce bai tashi tsaye ya gyara kurakuran ba lokacin da aka nuna masa. Kujerar ta tafi duk da haka. Wanda ya ce a sa sunansa a aikin da bai karanta ba, ya tsaya wa bashin da bai san adadinsa ba.

Akwai kuma kishiyar wannan: wanda ya yi aikin amma aka ɓoye shi. Wani lokaci ƙaramin ma'aikaci ne aka danne. Wani lokaci kamfanin magani ne ya ɗauki hayar marubuci, sannan ya nemo sanannen likita ya ɗora sunansa a sama. A nahiyarmu akwai wani salo na daban, inda masu bincike daga waje za su zo su kwashi jini da bayanai da taimakon likitoci da tafintoci na gida, maƙala ta fito a Turai babu sunan ɗan ƙasa ko ɗaya. Wasu manyan mujallu yanzu sun fara tambayar marubuta dalili idan suka ga haka.

## Satar fasaha da rikicin "kashi nawa?"

Ka tambayi ɗalibi mece ce ɗa'ar bincike, zai ce maka Turnitin, manhajar da ke auna kamanceceniyar rubutu da ayyukan wasu. Manhajar ta zama dodo. Wata makaranta ta ce kada kamanceceniya ta wuce kashi 20, wata ta ce 25, shi ke nan hankalin kowa ya koma kan lamba. Na taɓa tsayawa a wani shagon kwamfuta kusa da ƙofar makaranta, na ga yaro ya kawo babi na biyu na kundinsa da ya nuna kashi 41. Mai shagon ya karɓa, ya zuba shi cikin wata manhajar sauya kalmomi, bayan minti goma ya dawo kashi 14. Yaron ya biya, ya yi godiya har da rusunawa. Tunanin da ke cikin babin har yanzu na wani ne, ba a ambaci mai shi ba, Turancin ma ya ƙara lalacewa.

Manhajar kamannin jimloli kawai take aunawa. Tana iya ba ka kashi 30 alhali duk ambato ne na halal da jerin manazarta, tana iya ba ka kashi 5 alhali ka sace ra'ayin mutum ɗungurungum ka sake masa riga. Edita nagari buɗe rahoton yake ya karanta. Wani masanin kwamfuta na Faransa, Guillaume Cabanac, da abokan aikinsa sun gano cewa wannan sauya kalmomi yana barin sawu: sanannun kalmomin fanni sukan koma wani abu mai ban dariya, har sankarar mama ta zama wani abu kamar "haɗarin ƙirji". Da irin waɗannan kalmomi suka bi sawun maƙaloli masu ɗimbin yawa.

A ganina ma satar fasaha ba ita ce mafi muni ba, duk da ita aka fi yi wa ihu. Ɓarawon rubutu ya zalunci mutum ɗaya. Mai ƙirƙirar alƙaluma ya zalunci duk wanda zai yi aiki da su. A 2012 ƙungiyar likitocin sa barci ta Japan ta kammala cewa wani likita, Yoshitaka Fujii, ya ƙirƙiri bayanai a maƙaloli 172. Abin da ya taimaka wajen tona shi lissafi ne: wani likita ɗan Birtaniya, John Carlisle, ya nuna cewa alƙalumansa sun yi kyan da ba a samun irinsa a jikin mutane na gaske.

Ƙananan laifuffukan su ne aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda, sake buga tsohon aikinka da sabon take, da yayyanka bincike ɗaya kamar tsire domin a samu maƙala huɗu.

## Ladan kuturu

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa mujalla ke tambayar marubuci wa ya biya kuɗin binciken, kuma yana da hannun jari, ko albashi, ko wata alaƙa da wanda sakamakon zai amfana. Samun alaƙar ba laifi ba ne, ɓoye ta ne laifi, domin mai karatu yana da haƙƙin ya san ta wace fuska zai kalli aikin.

A Fabrairun 1998 mujallar The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da abokansa a kan yara 12, wadda ta jefa zargin alaƙa tsakanin larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, da allurar rigakafin ƙyanda da hangum. Bai bayyana wa masu karatu cewa yana karɓar kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin maka masu yin allurar a kotu ba. Ɗan jarida Brian Deer ne ya tono wannan a 2004, kuma daga baya aka gano kuɗin ya haura fam 400,000. A tsakanin nan iyaye a Ingila sun tsorata, yawan yaran da ake yi wa allurar ya faɗo daga kusan kashi 92 zuwa kusan kashi 80, ƙyanda ta dawo. Sai a Fabrairun 2010 mujallar ta janye maƙalar gaba ɗaya, a Mayun shekarar kuma aka soke lasisinsa na likita. Shekara 12 ke nan, kuma har yau jita-jitar tana yawo da ƙafarta.

Ƙa'idar ta hau kan edita da mai tantancewa ma. Edita ba ya yanke hukunci a kan maƙalarsa, ko ta ɗalibinsa, ko ta abokin aikinsa na kusa. Mai tantancewa ba ya riƙe maƙalar wani wata shida don tasa ta riga fitowa, ba ya tilasta wa marubuci ya ambaci ayyukansa.

A takarda abin da sauƙi. Na taɓa taimaka wa editan wata mujallar tsangaya. Wata Alhamis bayan la'asar wani dattijon malami, wanda ya koyar da ni tun ina aji ɗaya, ya shigo ofis da maƙala a hannu. Na miƙe na ba shi kujera. Ya ce, "Ɗana, Litinin za a rufe karɓar takardun ƙarin girma. Ka rubuta mini takardar an karɓa, ita maƙalar ta bi layi daga baya." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a aika wa masu tantancewa ba tukuna." Ya yi murmushi ya ce, "To su wane ne masu tantancewar? Ba mu ba ne?" Na ce zan kai wa babban edita. Na kai. Shi ma tsohon ɗalibinsa ne. Ranar Juma'a da safe takarda ta fita, kuma ni na buga mata hatimi. A shafin farko na mujallar an rubuta cewa kowace maƙala sai masana biyu da ba su san marubuci ba sun duba ta.

## Izinin waɗanda aka yi bincike a kansu

Mutumin Kano ba ya buƙatar dogon bayani a nan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 ne suka shiga gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani sananne. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. An kuma yi zargin cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a daga baya aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi.

Saboda irin wannan ne mujalla ta gari ke neman sunan kwamitin ɗa'ar da ya amince da bincike, da lambar amincewar, da bayanin yadda aka nemi yardar mutane, da harshen da suke ji. Sanarwar Helsinki ta ce binciken da ya saɓa wa ƙa'idojinta bai kamata a karɓe shi don bugawa ba. Tun 2005 kuma mujallun ICMJE ke neman a yi rajistar gwajin magani a bainar jama'a kafin a fara shi, don kada kamfani ya yi gwaji biyar ya buga ɗayan da ya yi masa daɗi ya binne huɗu. A Nijeriya an fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa a 2007. Mai nazarin zamantakewa ko harshe ma bai tsira ba: matar da ta ba ka labarin aurenta a tsakar gida ba ta ba ka izinin buga sunanta da na unguwarta ba.

## Gyara kayanka

Idan an gano matsala bayan bugawa, matakai uku ne a gaban edita. Kuskure ƙarami da bai rusa sakamako ba, a buga gyara. Zargi mai ƙarfi da ba a gama bincikensa ba, a buga sanarwar nuna damuwa. Idan kuwa ba za a iya dogara da sakamakon ba, ko da maguɗi ko da kuskuren gaskiya, a janye. Janyewa ba gogewa ba ce. Maƙalar tana nan a intanet, amma da tambari a kanta da bayanin dalili.

A kwatanta shekara 12 na Wakefield da abin da ya faru lokacin korona. Ranar 22 ga Mayun 2020 The Lancet ta buga binciken da ya ce ya duba majiyyata kusan 96,000 a asibitoci 671, ya kuma ce maganin hydroxychloroquine yana ƙara haɗarin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin na ɗan lokaci. Cikin kwanaki masana suka fara tambaya: ta yaya ƙaramin kamfani mai suna Surgisphere ya samu wannan tarin bayanai? Alƙaluman Ostareliya sun zarce na hukuma, na Afirka kuma sun yi cikar da duk wanda ya san yadda ake ajiye fayil a asibitocinmu zai yi shakka. Kamfanin ya ƙi buɗe bayanansa a duba, uku daga cikin marubuta huɗu suka nemi a janye, ranar 4 ga Yuni aka janye. Masu tantancewa sun yi barci, wannan gaskiya ne. Amma mako biyu aka ɗauka.

Don haka yawan janyewa yana nuna abu biyu a lokaci guda: maguɗi ya ƙaru, masu farautarsa ma sun ƙaru. Tun 2010 shafin Retraction Watch, wanda Ivan Oransky da Adam Marcus suka kafa, ke bin diddigin kowace janyewa. Ni dai mujallar da ta shekara 20 ba ta taɓa buga gyara ko ɗaya ba ta fi ba ni tsoro.

## Ɓera da daddawa

Akwai mujallun da ba su da aiki sai karɓar kuɗi. Su ne ke cika akwatin imel ɗinka da kirari, suna alkawarin bugawa cikin kwana bakwai. Wani ma'aikacin laburare a Colorado, Jeffrey Beall, ya riƙa jera sunayensu har zuwa Janairun 2017 da ya sauke jerin. A 2013 ɗan jaridar kimiyya John Bohannon ya ƙirƙiri maƙala mai cike da kurakuran ganganci, ya sa mata sunayen marubuta da cibiyoyin Afirka na ƙarya, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, ciki har da wasu da ke ƙarƙashin manyan kamfanonin wallafa. Sannan ga masana'antun maƙala, masu rubuta binciken ƙarya su sayar da gurbin suna, na farko da kuɗinsa, na uku da nasa. Su ne suka yi wa Hindawi kutse ta hanyar fitowa ta musamman da baƙin editoci ke kula da ita, har Wiley ta rufe mujallu 19 a 2024 ta kuma jingine sunan Hindawi.

Masana na Afirka da Asiya sun yi ƙorafin cewa jerin Beall ya yi wa ƙananan mujallu na ƙasashe matalauta kuɗin goro, ya haɗa mai rauni da ɗan damfara. Ƙorafin yana da tushe. Mujallar da malamai uku ke fitarwa da kuɗin aljihunsu, shafinta na intanet yana mutuwa yana tashi, ba lallai ta zama ta bogi ba. Kuma ƙofar manyan ba a buɗe take ga kowa ba: a 2021 Nature ta sa Yuro 9,500 ga mai son maƙalarsa ta zama kyauta ga masu karatu. Dandalin AJOL, da ke tattara ɗaruruwan mujallun Afirka, da kundin DOAJ na mujallun da ake karantawa kyauta, suna ƙoƙarin raba tsaki da tsakuwa.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamin jami'a a Nijeriya ba ya hawa mataki sai da adadin maƙaloli, a Nijar da sauran ƙasashen da ke cikin CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da aka kafa a Yamai a 1968, fayil ɗinsa na wallafe-wallafe ne ke zuwa gaban kwamiti. Muddin ƙirgawa ta fi karantawa sauƙi, za a samu mai sayarwa da mai saye. Wasu jami'o'i sun ce to sai mujallar da ke cikin Scopus, wato babban kundin tantattun mujallu na duniya, sai kasuwar ta koma can da tsada. Sanarwar DORA da aka tsara a San Francisco a 2012 ta nemi a riƙa auna aikin kansa maimakon sunan mujallar da ya fito, amma wannan yana nufin farfesoshi su zauna su karanta, kuma lokacin nan ne babu.

Sabon baƙo shi ne ƙirƙirarriyar basira. A farkon 2023 Nature da Science da COPE duk suka ce ChatGPT da ire-irensa ba sa zama marubuta, domin manhaja ba ta amsa tambaya idan an samu ƙarya. Galibin mujallu yanzu suna barin a yi amfani da ita wajen gyaran harshe, da sharaɗin a bayyana, suna kuma hana mai tantancewa zuba maƙalar wani a cikinta, tunda amana ce aka ba shi.

## Ina ruwan wanda ba malami ba?

Maganin da likita zai rubuta wa ɗanka, irin da malamin gona zai ce ka shuka, tsarin da ma'aikatar ilimi za ta ɗauka, da yawansu daga maƙala suka faro. Malamin da ya hau farfesa da adashen suna shi ne zai duba kundin 'yarka. Kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun Nijeriya, da ake kashewa a bincike kuwa harajin kamfanonin ƙasa ne.

Idan an turo maka "bincike ya nuna", ka tambayi wace mujalla, wace shekara, mutum nawa aka gwada, wa ya biya. Ka sa taken maƙalar a intanet ka ga ko an janye ta, domin janyayyun maƙaloli sukan ci gaba da yawo shekaru, har wasu masana na ambatonsu ba su sani ba. Idan kai ɗalibi ne mai neman inda za ka aika aiki, kada kyan shafin ƙa'idoji ya ruɗe ka, kwafe shi ake yi cikin minti biyu, har da tambarin COPE. Ka duba ko sunan mujallar yana cikin jerin mambobi a shafin COPE ɗin kansa. Ka ɗauki sunan mutum biyu daga kwamitin editoci ka ga ko sun san suna ciki. Ka buɗe maƙala uku ka dubi ranar da aka karɓa da ranar da aka amince. Idan tazarar kwana huɗu ce, ka san irin karatun da aka yi mata.

Maƙalar malamin nan nawa ta fito a fitowa ta gaba, da ranar karɓa da ranar amincewa a ƙasan shafin farko, wata uku tsakaninsu. Ni na rubuta ranakun.